Zauren Kawu: Wai injin sirrin Jamus ake tallata min a WhatsApp

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan makon saƙonni wajen bakwai ne suka shigo min duk a kan abu ɗaya, tsofaffin injinan ɓoye saƙo na zamanin yaƙin duniya na biyu. Da na tambaya sai aka ce wai wani bidiyo ne ke yawo a gurup gurup, an nuna wani ya sayi akwati a kasuwar tarkace ya wayi gari da kuɗi, shikenan kowa ya tuna akwai wani tsohon ƙarfe a sito. Waɗanda suka san ni sun san gyaran tafireta da injin ofis ne aikina kafin kwamfuta ta kashe mana kasuwa, kuma har yau in ba ciwon gwiwa ya hana ba, ranar Juma'a bayan la'asar a Harajin Sawarikh, kasuwar tsofaffin kaya ta nan Jidda, za ka same ni ina jujjuya kayan mutane ina ba su haushi da tayi. Na zaɓi biyar daga cikin saƙonnin, sauran ku yi haƙuri, amsarku na ciki.

Tambaya: Salam Kawu, ina fatan kuna lafiya, ya iyali ya zafi. Ni direba ne a nan Jidda shekarata 9 ina tuƙa wani gida. Wani mutum da muka haɗu a gurup ɗin saye da sayarwa ya turo min hoton akwatin katako, a ciki akwai abu kamar tafireta, yace Enigma ce ta sojan Hitila wai a saharar Libiya aka tono ta aka shigo da ita ta Masar, yana so riyal dubu 18 amma in fara tura dubu 5 arbun, wato kafin alƙalami, kafin ya kawo don wai akwai wani Balarabe a Riyad da yake nema shima. Kawu wlh kuɗin nan na ginin da nake yi ne a gida, amma naga ance ana sayar da irinta miliyoyi. Dan Allah ku bani shawara kafin Alhamis. *Daga wani direba, Jidda*

Amsa: Ɗana, kafin komai riƙe dubu biyar ɗinka, a sayi bulo da ita. Yanzu sai mu yi magana a tsanake.

Ba zan ce maka labaran tsuntsu daga sama gasasshe ƙarya ba ne, sun faru. A 2017 a ƙasar Romaniya wani malami masanin wannan fanni ya ga Enigma a kasuwar tarkace, ya biya Yuro 100, aka sayar da ita a gwanjon Artmark a Bukares kan Yuro dubu 45, sama da riyal dubu 190 kenan a canjin lokacin. A 2016 masu aikin sa kai na gidan tarihin kwamfuta da ke Bletchley a Ingila sun ga wani ɓangare na injin Lorenz, wanda manyan hafsoshin Hitila ke aika saƙo da shi, an sa shi a eBay kan ƙasa da fam 10, yana jibge a rumfar ajiye tarkace ta wani gida a Essex. A ƙarshen 2020 kuma masu ninƙaya da suka shiga tekun Baltik neman tsofaffin komar kamun kifi suka ci karo da wata a ƙasan ruwa, duk ta yi tsatsa. Duk gaskiya ne.

Amma ka duba da kyau. Wanda ya sayar a Yuro 100, shi a ransa tsohuwar tafireta ya rabu da ita, bai san me ke hannunsa ba. Mutuminka kuwa ya san sunanta, ya san Hitila, ya san Libiya, ya iya shiga intanet ya tallata maka, sai farashinta ne kaɗai Allah bai nuna masa ba? Haba ɗana. Mai faifai huɗu (fayafan nan masu juyawa da ke harɗa haruffa a cikinta) ta sojan ruwa, wadda ake kira M4, an sayar da ɗaya a gidan gwanjon Christie's na Niyok a 2017 kan dala 547,500, in ka buga da canjin riyal 3.75 ya haura riyal miliyan biyu. Ta sojan ƙasa mai faifai uku ba ta kai haka ba amma ita ma kuɗin gida ce sukutum, ba kuɗin tsohuwar Camry ba. Mutumin da ke riƙe da wannan ba zai bi direba a WhatsApp yana roƙon arbun ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi kuma Balaraben Riyad ɗin nan, na daɗe da saninsa, kullum yana nan yana jira, ko tsohon agogo za a sayar maka sai an ambace shi, har yau ban ga wanda ya taɓa ganin fuskarsa ba.

Zancen Libiya shi ne gishirin miyar, don yana da ƙamshin gaskiya. Sojan Jamus ƙarƙashin Rommel sun yi yaƙi a can daga 1941 zuwa 1943 kuma sun yi amfani da Enigma. Sai dai umarnin da ke kansu shi ne in za a kama su su farfasa ta, su watsar da fayafan, shi yasa daga dubun dubata da aka ƙera 'yan ɗaruruwa ne aka san sun rage a duniya. Kuma ka yi tunani, katakon da ya shekara tamanin cikin yashi zai fito yana ƙyalli kamar yau kafinta ya shafa masa fanish?

In dai kana so ka cire wa ranka shakka, gani ya kori ji. Kace masa ya kira ka bidiyo, ya rubuta sunanka da kwanan watan ranar a takarda ya ajiye kusa da injin. Sannan ka ƙirga madannan. Enigma ta soja 26 ne cif, haruffa zalla, babu lambobi, babu dogon madannin nan na ba da tazara, babu ribon babu abin naɗe takarda, don ita ba ta rubutu sam, fitila take kunnawa. Layin farko QWERTZUIO, na ƙarshe kuma da P yake farawa, PYXCVBNML. In ka ga wurin saka takarda to tafireta ce aka yi wa kwalliya. In yace tana aiki, ya danna A sau goma a gabanka. Duk dannawa faifan dama zai motsa taki ɗaya, haruffa daban daban za su riƙa kamawa a allon fitilu, kuma A ba za ta taɓa kunna A ba ko zai kwana yana dannawa. Sai ya buɗe murfin ciki ya zaro fayafan, kowanne akwai lambar Rumawa a jikinsa, I zuwa V, da kuma lambar injin da aka yi su tare. Ita kanta tana da ƙaramin faranti mai lamba, ta sojan ƙasa da A take farawa, ta ruwa da M. Masu tarawa nan suke fara kai ido, in lambar fayafai ta dace da ta jikin injin farashi na sama, in an haɗo su daga nan da can farashi ya sauka, in babu lamba gaba ɗaya to sai addu'a. Nauyinta wajen kilo 12 ne, ba abin da ake ɗagawa da yatsu biyu ba.

Kuma ko duk wannan ya fito daidai, ba a gama ba, domin akwai masu ƙera kwafi, wasu don koyarwa da gidajen tarihi kuma suna faɗa ƙarara cewa kwafi ne, wannan ba laifi. Laifin shi ne in kwafin ya biyo hannu uku huɗu aka goge tarihinsa aka jiƙa shi da shayi. Abin da manyan masu saye ke biya wa kuɗi rabinsa ba ƙarfen ba ne, takardun ne, daga hannun wa ta fito, wane gwanjo ta taɓa shiga, wane masani ya buɗe ta ya sa hannu. Mutuminka wace takarda gare shi ban da hoton da wataƙila daga shafin gwanjo ya sauke? Ka sa hoton a Google Lens ka gani, ni dai na yi rantsuwa ba kaffara akwai inda za ka same shi.

Kada ka ji kunya, ni da nake maka wannan wa'azi an taɓa yi min. Shekarun baya a haraj na ga wani ƙarfe mai nauyi an shafe shi da koren fenti irin na soja, ga fayafai masu lambobi ga hannun juyawa a gefe, mai kayan ya rage murya yace daga wani tsohon sansani aka fitar. Riyal 400 na biya, na ƙara kuɗin dabbab, 'yar motar ɗaukar kaya, ya kai min gida, zuciyata na bugawa kar wani ya riga ni. Da dare na kwance murfin, ashe injin buga kan sarki ne na ofis, irin wanda ake manna wa wasiƙa kuɗin aikawa, ni da na shekara ashirin ina gyara 'yan uwansa. Kwaɗayi ne ya rufe min ido ba komai ba. Har yau yana nan, Hajiya na tokare ƙofar kicin da shi, kuma duk baƙon da ya zo sai ta ba shi labari.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ni ɗaliba ce ina karanta kwamfuta, a aji malaminmu ya ambaci Enigma ya wuce da sauri. In har tana da ƙarfi haka ya aka yi aka karya ta? Kuma da gaske mutum ɗaya ne yayi aikin? *Daga wata ɗaliba, Rusaifa, Makka*

Amsa: 'Yata, lafiya lau, Allah ya ba da sa'ar karatu. Bari in fara miki daga gida. Tun a ƙarni na 9 a Bagadaza, Al-Kindi ya rubuta yadda ake warware ɓoyayyen rubutu ta hanyar ƙirga haruffa. In an musanya kowane harafi da wani, to alamar da ta fi yawa a saƙon Larabci da wuya ta wuce alif ko lam, daga nan sai ki bi zaren. Wannan dabara ta yi ɗaruruwan shekaru tana aiki. Abin da injiniyan Jamus Arthur Scherbius ya nemi rajistarsa a 1918 shi ne injin da zai kashe wannan ƙirga, ta yadda musanyar kanta ke canzawa a kowane harafi.

Ki ɗauka kin danna T. Kafin komai faifan dama ya juya taki ɗaya, ƙas. Wuta daga batir ta bi ta allon filogi da ke gaba, inda aka soke wayoyi ana musanya haruffa bibbiyu, ta shiga faifai na farko, kowane faifai cikinsa wayoyi 26 ne a harɗe, ta fita ta wani wuri ta shiga na biyu, na uku, ta bugi wani faifan da ba ya juyawa wanda aikinsa mayar da ita baya, ta sake ratsa ukun ta wata hanya, ta sake bi ta filogi, sai ƙwan fitila ɗaya ya kama, a ce G. Abokin aikinki na gefe ya rubuta G. Ki sake danna T, sai ki ga wani harafin daban. Wanda aka aika wa in ya saita tasa daidai da taki, ya danna G, T za ta kama masa. Zaɓen faifai uku cikin biyar da jera su hanya 60 ne, inda za su fara tsayawa 17,576, filogi goma kuma sun haura hanya tiriliyan 150. Ki ninka su a wayarki ki ga ko za ta ɗauka.

To ina aka samu kafa? Wannan faifan mai mayar da wuta baya, shi ne daɗinta shi ne kuma ajalinta, don saboda shi harafi ba ya taɓa zama kansa. In kina zargin akwai kalmar WETTER a saƙon safe, wato yanayi da Jamusanci, kuma soja kullum sai sun aika rahoton yanayi, sai ki riƙa jan kalmar a ƙarƙashin ɓoyayyen rubutun, duk inda W ta faɗo kan W ko E kan E kin san ba nan ba ne. Ga kuma lalacin ɗan Adam, ma'aikaci ya gaji, an ce ya zaɓi haruffa uku na ganin dama, sai ya danna AAA ko waɗanda ke jere a gabansa.

Zancen mutum ɗaya kuwa, a'a. 'Yan Folan ne suka fara, wani matashin masanin lissafi Marian Rejewski ya gano harɗin wayoyin fayafan a ƙarshen 1932 ba tare da ya taɓa riƙe ta soja a hannu ba, da lissafi da wasu takardu da leƙen asirin Faransa ya sayo daga wani Bajamushe. Shi da abokansa biyu, Różycki da Zygalski, suka yi shekaru suna karantawa, sai a Yulin 1939 ana dab da yaƙi suka miƙa wa Ingila da Faransa duk abin da suka sani. A Bletchley Park, cibiyar warware saƙonnin sirri ta Ingila, ne Alan Turing da Gordon Welchman suka tsara injin Bombe da ke gwada saiti da sauri, kuma dubban mutane ne suka yi aiki a wurin, yawancinsu mata. Wannan ki faɗa wa malaminku. Ko a haka ma da sojan ruwan Jamus suka ƙara faifai na huɗu a Fabrairun 1942, wajen wata goma Ingila na lalube a duhu kan saƙonnin jiragen ƙarƙashin ruwa.

Tambaya: Salamu alaikum ya Kawu. Mu asalinmu Kasala ne a Sudan, yaƙin nan ne ya sa na kwaso iyali zuwa wajen ɗan uwana. Cikin ɗan abin da haboba, wato kakarmu, ta hana a bari akwai sandukin kakana, yayi soja zamanin Ingiliz. A ciki akwai wani akwati mai hannun juyawa a gefe da ƙusoshi biyu na ɗaura waya, da wani ɗan ƙarfe a kan katako mai maɓalli ɗaya da ake dannawa, da kamfas, da lambobin yabo. Yara sun ce injin shafra ne, wato na ɓoye saƙo, in sayar mu samu na haya. Ga hotuna na turo. *Daga wani ɗan uwa, Manfuha, Riyad*

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya kawo ƙarshen wannan fitina, ya mayar da ku gida lafiya, a gaida min haboba da kyau. Na duba hotunan kuma ba zan ja maka rai ba, ba injin ɓoye saƙo ba ne. Mai hannun juyawa tarhon filin daga ne, ana juya hannun ne don ƙararrawa ta buga a ɗaya ɓangaren, kan da ake karawa a kunne ne ya ɓata. Mai maɓalli ɗaya kuma na buga tangaraho ne, ɗigo da ja. Da alama kakanka a sashen sadarwa ya yi aiki, ko kusa da su.

Kuma abin ya zauna daidai da tarihin garinku. Italiya ta kama Kasala a Yulin 1940, ta fice a Janairun 1941, daga nan aka bi su cikin Eritiriya har aka yi gumurzun Keren a Fabrairu da Maris na shekarar, kuma rundunar tsaron Sudan ta lokacin na cikin wannan yaƙi. Ta kudu kuma sojan Najeriya ne suka shigo ta Kenya suka bi ta Mogadishu suka haura Habasha, kaga Hausawa ta gaba biyu aka yi da su. Injin Ingila na ɓoye saƙo, Typex, ƙato ne kuma a hedikwata yake zama ƙarƙashin tsaro, ba abin da soja zai sa a sanduƙi ya tafi da shi gida ba.

Kuɗinsu a kasuwa ba zai biya hayar da kake tunani ba, tarho da maɓallin tangaraho na wancan yaƙin suna da yawa a duniya. In ba dole ba ni dai ban so ku raba su da lambobin yabon, kuma tun haboba na da ƙarfin magana ku kunna waya ku naɗi duk abin da ta tuna, sunansa cikakke, inda aka kai shi, shekarar da ya dawo, ku rubuta ku sa a cikin sandukin. Kamfas ɗin kuma a kula, da yawa daga na soja a wancan zamani an shafa musu fenti mai radiyum don su yi haske da dare, kar a buɗe gilashin, kar a kankare, kar yara su yi wasa da shi.

Tunda an taɓo Sudan bari in faɗa wa masu yawon haraj irina. An wawashe gidan tarihin ƙasa na Khartum a wannan yaƙi, har UNESCO ta yi kira a 2024 kada a sayi kayan tarihin da ke fitowa daga can. In aka kawo maka tsohon abu aka ce daga Sudan, ba takarda ba bayani, ka bar shi inda ka gan shi.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne, alhamdulillah akwai ɗan rufin asiri, kuma na daɗe ina tara tsofaffin agogo da rediyo. Ina so in shiga wannan harkar ta hanyar da ta dace ba ta WhatsApp ba. Daga ina zan fara, kuma jari ne mai kyau? *Daga wani Alhaji, Madina*

Amsa: Alhaji barka kadai, Allah ya ƙara buɗi. In ni ne kai ba da Enigma zan fara ba, da M-209 zan fara. Ƙirar Boris Hagelin ce ɗan Suwidin, sojan Amurka suka karɓa, kamfanin tafireta na Smith Corona ya ƙera kimanin dubu 140, shi yasa har yau ana samunta a 'yan dubunnan dala maimakon ɗaruruwan dubbai. Girmanta kamar kular abinci, ba ta cin batir ba ta cin wuta, ƙarfe ne zalla. Ka saita harafi a ɗan faifan hagu, ka juya hannun dama, ƙarar, sai ta buga maka a siririyar takarda, haruffa biyar biyar. Fayafanta shida, masu 26, 25, 23, 21, 19 da 17, lambobin da ba sa raba juna, don kar zagayen ya maimaita da wuri. Kai da ka saba da cikin agogo za ka ji daɗinta fiye da Enigma ma, don komai a fili yake kana gani yana motsi. In za ka saya ka duba cikin murfi, a nan ake maƙale sukuddireba da hantsaki da ɗan bututun mai da na tawada, ga jakar tamfol ɗinta. Cikakkiya da kayanta ta fi tsirara daraja nesa ba kusa ba.

Daga nan akwai NEMA ta Suwizalan, 640 kacal aka ƙera, an cire mata sirri a 1992 aka sayar wa jama'a bayan nan, kuma da yake wasunsu ajiyar ko ta kwana ce ba a taɓa aiki da su ba, ana samunsu tsaf. Akwai Fialka ta Tarayyar Sobiyet mai faifai goma, ta zamanin yaƙin cacar baka.

Wajen saye, manyan gidajen gwanjo irin Bonhams da Christie's da Sotheby's suna sa su a gwanjon kayan kimiyya, kuma ana iya tayi ta intanet daga nan Madina. Amma farashin da aka buga guduma a kai ba shi za ka biya ba, akwai ladan gidan gwanjo da ke kai kwata ko fiye, ga kuɗin ɗauko kaya da inshora, ga dariba, wato VAT, kashi 15 in ya iso, wasu ƙasashen kamar Ingila kuma tsohon abu mai tsada sai da izinin fitarwa. Kafin ka ɗaga hannu ka zauna da mukhallis ɗinka, mai fito maka da kaya, ya tambayo maka jamarik, wato kwastan, ka bayyana abin da sunansa na gaskiya, kayan tarihi ne, kar wani ya ba ka shawarar rubuta tafireta don a rage kuɗi. Ka nemi rahoton lafiyar injin a rubuce da hoton lambobi. Lambar nan tana da amfani ta wani ɓangaren ma, a 2000 an sace wata Enigma mai lamba G312 daga Bletchley Park, duniya duk ta san lambarta, ƙarshenta ta gidan waya aka aika ta ga wani ɗan jaridar BBC.

Jari kuwa, Alhaji kar in ruɗe ka. Ba zinare ba ce da za ka shiga kasuwa bayan isha'i ka fito da kuɗi. Masu sayenta 'yan kaɗan ne kuma yawanci suna Turai da Amurka, ranar da ka matsu sai ka mayar da ita can ka sake biyan lada. Ka saya da kuɗin da ba ka jiran dawowarsa.

Wani abu da zai ba ka dariya ko haushi. Shi Hagelin ɗin nan bayan yaƙi ya kafa Crypto AG a Suwizalan, ƙasashe sama da 120 suka riƙa sayen injinansa don ɓoye sirrin gwamnati. Sai a Fabrairun 2020 jaridar Washington Post da tashar ZDF ta Jamus suka fallasa cewa tun 1970 CIA da leƙen asirin Jamus ta Yamma ne suka mallaki kamfanin a ɓoye, suna raunana injinan suna karanta saƙon masu saye. Ƙasar nan da muke zaune, Saudiyya, na cikin manyan kwastomomi. Najeriya ma ta sayi lodi guda, masu saurare suka shekara biyu ba su ji komai ba, da aka tura wakili ya duba sai ya tarar da kayan a sito ko kwalinsu ba a buɗe ba. Kaga mu sakaci ne ya cece mu. Don haka in wata rana ka ga injin Hagelin na bayan yaƙi a yankin nan, wannan ba abin mamaki ba ne kamar Enigma, amma in da tambarin wata hukuma a jiki kar ka taɓa sai ka ga takardar da ta nuna an sayar da shi bisa ƙa'ida.

Tambaya: Kawu ni dai ƙara na kawo. Maigidana ya sayo wani ƙaramin inji koren soja a tafiyarsa, yace M-209 ne, yanzu ya ajiye min shi a saman kabad ɗin kicin yana ta ƙura, jikinsa duk ya dushe. Ina so in goge shi da sosan ƙarfe da man goge tagulla ya yi kyau kafin ya dawo daga Dammam, in ba shi mamaki. *Daga wata uwargida, Jidda*

Amsa: Hajiya don girman Allah ajiye soson nan. Mamakin da za ki ba shi ba irin wanda kike nufi ba ne. Wannan dushewar da ƙujewar fentin su ne shaidar shekarunsa, in kika kankare kin goge rabin kuɗin, kuma ba a mayarwa. Busasshen tsumma mai laushi ya isa, lunguna kuma buroshin fenti sabo mara tauri. Ba ruwa, ba sabulu, ba fesa man nan na cire tsatsa, yana narkar da tsohon mai ya kwashi ƙura ya kai cikin fayafai.

Inda kike da gaskiya shi ne kicin ba wurinsa ba ne, tururi da maiƙo ga rutubar Jidda, wato danshin iskarta, da ke cin ƙarfe ko a cikin ɗaki. Ki sa ya mayar da shi ɗaki mai mukayyif, wato AC, nesa da taga, a kabad mai gilashi in akwai, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, a riƙa canza su. Jakar tamfol ɗin a ajiye ta daban kar a naɗe shi a ciki. In hannun juyawar ya cije kar a tilasta, akwai ɗan makulli da yanayin da yake tsayawa, ƙarfi na iya lanƙwasa sandunan ciki. In ya dawo daga Dammam kice ya turo min hoton farantin lambar da cikin murfin, ina so in ga ko hantsakin na nan.